Ajiyar Teela Dogo

Akwai labarin da kuke bayarwa game da kakanku, Malam Idi na Fagge, wanda nake so ku daina bayarwa. Ranar sunan ɗan Hadiza na ji ɗan'uwanku Mustafa yana faɗa wa surukanmu cewa lokacin rikicin Sabon Gari, kafin yaƙin basasa, kakanku ya ɓoye Ibo bakwai a gidansa har kwana uku, mutane suna ta jinjina kai. Ban gyara masa a wurin ba, don taron biki ne. Laifin ma ba na Mustafa ba ne, a bakina ya ji. Ni ba mai ilimin boko ba ne, aji uku na yi aka cire ni aka kai ni kasuwa, saboda haka kada ku nemi tsari a wannan rubutu. Abin da na sani shi zan faɗa, kuma zan fara daga inda abin ya kama ni, wato birnin Guangzhou na ƙasar Sin, shekara ta casa'in da takwas.

Garin a lokacin ba kamar yadda kuke jin labarinsa yanzu ba ne. Baƙar fata ba mu da yawa, sai ka yi tafiya mai nisa a babban titin Huanshi Lu ba ka ga wanda za ka yi wa sallama ba. Na haura hamsin, gwiwata ta fara ciwo, ina sayo yadi da shadda ina tura wa yayana Sale, shi kuma yana riƙe da shagonmu na kasuwar Kwari. Mutum biyu ne suka riƙe ni a garin. Na farko Malam Ma, tsohon malamin makaranta, Musulmi ɗan ƙasar, wanda ya yi ritaya yake yi wa irinmu tafinta a masaƙu. Da ɗan Turancina na kasuwa muke magana. Na biyu Emeka, mai ɗan ofis a ginin kasuwanci na Tianxiu, shi ke loda mini kaya a kwantena. A Sabon Garin Kano aka haife shi, Hausarsa kuwa ta fi ta Mustafa kyau. Ranar da muka fara haɗuwa ya dube ni ya ce, “Alhaji, wannan hular taka ta Fagge ce ko ta cikin gari? In ta cikin gari ce ban yarda da kai ba.” Daga nan muka saba. Wata rana ya gaya mini yana ɗan shekara bakwai, lokacin rikicin nan, ya bar Kano a jirgin ƙasa da mahaifiyarsa, mahaifinsa ya ce su yi gaba zai same su a tasha, bai iso ba har yau. Sai na ba shi labarin mutum bakwai. Tun daga ranar ya koma kirana ɗan mutumin kirki. Duk Lahadi sai ya je wurin mahaucin su Malam Ma ya sayo nama don in iya ci, ya dafa da kansa, mu zauna mu ci a faranti ɗaya.

A cikin damina aka yi mana jinkirin kaya. Kullum muka je masaƙa sai mai ita ya kaɗa hannu ya ce meiyou, wato babu, mu dawo wani mako. Na zauna ba aikin yi, zafi kamar a cikin tukunya. Malam Ma ya ce duk Asabar da safe yana zuwa wani ɗakin karatu a bayan wani ƙaramin gidan tarihi, inda tsofaffi ke taruwa su karanta littattafai kan kisan da aka yi wa jama'a lokacin yaƙe-yaƙe, a ƙasarsu da sauran ƙasashe, sannan kowa ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Ya ce a wannan watan suna karatu ne kan abin da ya faru a Ruwanda, kuma suna son jin ta bakin ɗan Afirka. Na ce masa ni ban taɓa zuwa Ruwanda ba, ban ma san ta wane gefe take ba. Ya ce ba komai, akwai shayi, akwai fanka. Fankar ce ta kai ni, gaskiyar magana ke nan.

Kafin ka hau benen ɗakin karatun sai ka ratsa ta cikin gidan tarihin. Akwatunan gilashi ne jere, a ciki ba zinariya ba azurfa: takalmin yaro ƙafa ɗaya, tukunya da ta ƙone, tabarau mai ido ɗaya. A ƙarƙashin kowane an rubuta sunan mai shi. A sama kuma dogon tebur ne, tsofaffi kamar sha biyu, kowa da kwalbar shayinsa. Sukan karanta shafi kaɗan su tattauna, daga nan mutum ɗaya ya karanta nasa rubutun. Dokarsu ita ce ba a yabo, ba a zargi, tambaya kawai ake yi, kuma tambayar sai a kan abin da ido ya gani ko hannu ya taɓa. Ina kake tsaye? Me ke hannunka? Wa ke kusa da kai? Suka tambaye ni Ruwanda na ce ban sani ba. Wani dattijo ya ce to a ƙasarku an taɓa yin irin wannan? Na ce an yi, na gyara zama na ba su labarin mutum bakwai yadda na saba ba da shi, Malam Ma yana juya musu. Na ga fuskokinsu sun yi laushi, na ji daɗi.

Sai wata 'yar ƙaramar tsohuwa da suke kira Liyang ta ɗaga yatsa. Malam Ma ya raɗa mini cewa ita tana yarinya maƙwabta suka ɓoye ta a rumbun shinkafa kwana da kwanaki, kuma abin da ta fi tunawa shi ne ƙarar kwanon da ake turo mata ta ƙarƙashin ƙofa. Ta yi magana a hankali, Malam Ma ya juyo wurina.

“Ta ce me suka ci a kwana ukun? Wa ya kai musu?”

Ku da kuka tashi a gidan da kowa ke cin abinci a faranti nasa ba za ku gane nauyin wannan tambaya ba. A gidanmu na Fagge baƙo ba ya wuce zaure, kuma ba a barin baƙo ba kwano. Inna ta zuba, ta rufe da faifai, ni in ɗauka in kai. Aikina ne tun ina ƙarami har na yi aure. Na san kwanon Baba, na san na Yaya Sale, na san na makahon da ke kwana a ƙofar masallaci. Mutum bakwai kwana uku, ai da hannuna ya sani. Na buɗe baki na ce tuwo suka ci. Tsohuwar ba ta ƙara tambaya ba. Ta dube ni kamar yadda mai saye ke duban yadin da aka ce masa ba ya zuba, ta ce in rubuta in kawo bayan mako biyu.

Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na zauna a masaukina bayan sallar asuba ina rubutawa da ajami, don shi na fi iyawa. Na fara da mutum bakwai. A ina suka kwana? Gidanmu ɗaki huɗu ne, kowane da mai shi. Maza nawa, mata nawa? Yaya fuskokinsu suke? Shekara talatin ina faɗin labarin nan da baki ba tuntuɓe, amma a takarda ya ƙi tsayawa. Na yaga shafi biyar. A na shida na gaji, na rubuta abin da ya faru.

Mutum ɗaya ne ya zo, ba bakwai ba. Tela ne Ibo, dogo, mai shago a bakin titin da ya raba mu da Sabon Gari, muna kiransa Teela Dogo. Shi ke mana ɗinkin salla fiye da shekara goma, kuma yakan zauna a dakalinmu su yi hira da Baba. Iyalinsa ya riga ya tura su kudu. A ranar rikicin, da hantsi, ya shigo zaurenmu ɗauke da kan kekensa na ɗinki a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Ina da shekara sha tara, ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ajiye keken ya ce Baba ya riƙe masa amana. Baba ya ce ya karɓa. Sai ya ce ko zai zauna a zauren zuwa yamma, hanya ta lafa. Tun safe samari ke yawo a unguwa suna cewa duk gidan da aka samu Ibo a ciki za a ƙone shi da mutanensa, kuma a cikin gidanmu akwai mata da yara tara. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya ba shi, ya cire hularsa ya ɗora masa, ya ce ya bi ta lungun bayan masallaci zuwa tashar jirgi, kada ya yi magana da kowa. Teela Dogo ya sa rigar, ba ta kai masa gwiwa ba. Ya fita. Baba ya ce, “Habu, sa sakata.” Na sa. Ba mu sake ganinsa ba, ba wanda ya zo neman keken. Bayan shekara biyu Yaya Sale ya fara koyon ɗinki a kansa, daga ɗinki muka shiga sayar da yadi, daga nan Kwari, daga Kwari har ƙasar Sin.

Baba bai taɓa cewa ya ɓoye kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne ya ba mutumin riga, kuma ba ya son maganar. Bayan rasuwarsa ne labarin ya fara girma a bakinmu. Rigar ta zama kwana ɗaya a zaure, kwana ɗaya ya zama uku, mutum ɗaya ya zama shi da iyalinsa. Ba ranar da muka zauna muka ƙulla shi. Kowa ya ɗan ƙara, ba wanda ya rage.

Da na gama sai matsalar karantawa ta taso. Turancina na ciniki ne, ba zai ɗauki wannan ba. Dole a samu mai juya Hausa zuwa Turanci, Malam Ma kuma ya juya wa tsofaffin. Emeka ne kaɗai na sani. A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na je ofishinsa na ce ya raka ni ranar Asabar ya yi mini tafinta, zan karanta labarin Baba. Ya yi murna, ya ce zai rufe ofis, ya ce dama ya kamata duniya ta ji cewa a Kano ma akwai mutane. Ya kamata in zaunar da shi a wurin in gaya masa, mu biyu. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na ce masa kayan nan yaushe za su tashi. Na ga kamar zai fi mini sauƙi a gaban mutane, inda ba zai iya tashi ya bar ni ba. Ban yi tunanin abin da zai zame masa ba.

Ya zo da farar riga a goge, ya gaisa da tsofaffin da yarensu suna ta dariya. Na fara karantawa, jimla ɗaya in tsaya, shi ya juya, Malam Ma ya juya. Da na ce mutum ɗaya ne ya zo ba bakwai ba, Emeka ya waiwayo ya ce mini da Hausa, “Alhaji, ka duba takardar da kyau.” Na ce na duba. Sai ya juya maganar. Daga nan bai sake kallona ba, idonsa na kan tebur. Kuma yadda ake tafinta, ba ya cewa Alhaji ya ce, abin da na faɗa shi yake faɗa kamar shi ya yi. Da kunnena na ji shi yana cewa da Turanci, mahaifina ya ce in sa sakata, na sa. Ya kai har ƙarshe bai tsallake komai ba.

Ba wanda ya tafa, ba wanda ya ɓata rai, dokarsu ke nan. Wani ya tambayi launin rigar, na ce shuɗiya. Wani ya tambayi inda keken yake, na ce yana ɗakin ajiya a gidan Yaya. Tsohuwa Liyang ta turo mini kofin shayi, ta ce a wurinsu ba a ajiye rubutu sai da sunan wanda abin ya faɗa wa, mene ne sunan telan? Na ce Teela Dogo. Emeka bai juya wannan ba. Ya ce mini, “Wannan ba suna ba ne. Sunansa ake tambaya.” Na ce ban sani ba.

Muka fito muka bi Huanshi Lu a ƙafa, rana ta take, motocin bas suna ta wucewa. A gindin wata gadar masu tafiya a ƙafa ya tsaya ya share fuska.

“Tsoron babanka na gane shi, Alhaji. Mata da yara tara. Ni ma ina da 'ya'ya, ban san abin da zan yi ba. Amma shekara goma mutum yana auna wuyanku da hannunsa, ba wanda ya tambaye shi sunan da uwarsa ta sa masa?”

Ya ce kuma da na gaya masa a ofis, da bai sa farar riga ba. Ya tsayar da tasi ya shiga.

Bai daina yi mini aiki ba. Kayana ba su taɓa ɓata a hannunsa ba har na bar zuwa ƙasar Sin. Muna gaisawa, yana tambayar gwiwata, wani lokaci har ya tsokane ni a kan hula. Amma Lahadi ta mutu. Bai sake gayyatata ba, ni kuma ban ga fuskar da zan je da ita ba, sai na koma cin taliya ni kaɗai a wani shagon Musulmi kusa da masauki. Ɗan mutumin kirki ma bai sake fita daga bakinsa ba, Alhaji kawai. Na ci gaba da zuwa ɗakin karatun duk Asabar ɗin da nake gari, ina zaune ina jin nasu, rabi ina ganewa rabi ba na ganewa. Malam Ma ya juya rubutuna zuwa yarensu suka sa a cikin akwatin da suke ajiye na kowa. A wurin sunan telan ya bar fili.

Da na dawo Kano kafin azumi na sami Yaya Sale a shago bayan azahar, kasuwa ta yi sanyi, yana ninke shadda. Na gaya masa duk abin da na yi, na ce ko shi ya san sunan Teela Dogo. Na zaci zai yi faɗa, don kun san halinsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce bai sani ba, Inna ce kaɗai za ta iya sani, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya. Ya ce wato na tsallake teku na je na tona asirin Baba a gaban mutanen da ba su san ko wane ne shi ba, mutumin da ya tuɓe rigar jikinsa a ranar da wasu ke wasa wuƙa. Na ce ban ƙara masa komai ba, ban rage ba. Ya ajiye shaddar ya ce in karanta masa. Littafin yana aljihuna, na karanta. Da na zo wurin sakata na ce ba mu sake ganinsa ba, sai ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Nan ka tsallake.”

Na ce ban tsallake komai ba.

“Ina tsakar gida, na ji. Bayan ka sa sakata ya dawo. Ya ƙwanƙwasa sau uku. Baba ya riga ya shige ciki, kai kaɗai ne a zauren. Kuma ba Malam Idi ya kira ba, Habu. In za ka rubuta na Baba, ka rubuta naka.”

Ya ci gaba da ninke shaddarsa. Ba mu sake maganar ba har ya rasu, kuma bai taɓa canza mini fuska ba, amma na san bai yafe mini karatun nan ba.

Gaskiya ya faɗa. Ban manta ba, ban dai rubuta ba. Ina jingine da ƙyauren, bayana yana jin bugun. A hankali ya yi, don kada na waje su ji. Ya ce Habu, ni ne, an tare lungun, buɗe mini. Sakatar tana daidai kafaɗata. Ba Baba a wurin da zai hana ni, ba wanda ya ce kada in buɗe. Na tsaya ina kallon keken a ƙasa har na ji takunsa ya yi nisa. Tsofaffin Guangzhou ba su ji wannan ba, Emeka ma bai ji ba, na bar shi yana tausayin tsoron wani dattijo mai mata da yara tara.

Saboda haka in an tambaye ku kakanku, ku ce ya ba wani tela rigarsa da hularsa a ranar tsoro, wannan ya yi, Allah ya gafarta masa. Kada ku ƙara ko mutum ɗaya. In kuma an tambaye ku wa ke bakin ƙofa da mutumin ya dawo, ku ce babanku ne, shekararsa sha tara, kuma ya ji sarai.